Ɗinkin Malam Sale Ba Ya Warwaruwa

Shagon Malam Sale yana manne da nawa a East Greensboro, a Amurka. Ni kitso nake yi, shi tela ne, bangon da ya raba mu kuwa na katako ne, don haka duk motsin kekensa a kunnena yake. Mutumin Zariya ne, a wurin kawunsa mai aikin babbar riga ya koyi sana'a, kuma har yau in ya ga rigar kanti sai ya juya cikinta ya yi tsaki. Da ya zo ƙasar nan sai da ya yi shekaru yana jidar kwalaye a wani sito a Wendover kafin ya buɗe shago. Ba shi da surutu, amma taurin kansa ya ishi unguwa guda.

Wata ƙaramar kwaleji da ke kusa da mu ce ta ba shi aikin da ya fi so: ɗinka sunayen 'yan ƙwallon kwando a bayan rigunansu. Fredrick, wani Ba'amurke mai kula da kayan 'yan wasan, shi ya kawo masa aikin bayan ya ga yadda ya gyara masa kwat. Sauran teloli kan jera haruffan a kan wani siririn ƙyalle, su ɗora ƙyallen a riga, ranar cirewa a cire ba wahala. Malam Sale ya ce wannan faci ne, shi kuwa ba zai yi wa sunan uban mutum faci ba. Harafi-harafi yake ɗinkawa a jikin rigar kanta, a matse, ya zagaya ya sake zagayawa, kamar yadda ake yi wa wuyan babbar riga.

A lokacin babu wanda ya damu. Yaro yakan shigo kwaleji, ya zauna har ya gama digiri, ranar wasansa na ƙarshe a ba shi rigar ya tafi da ita. Malam yakan rufe shago ya je kallo, ko da yake na san dokokin wasan ba su shiga kansa ba. Bayan yaran kawai yake kallo.

Sai aka canza doka. Aka ce ɗan wasa yana iya karɓar kuɗi, yana kuma iya barin makarantarsa ya koma wata ya ci gaba da wasa nan take. Sunansa kawai zai sa a wani shafi da suke kira fotal, manyan makarantu su yi ta bugo masa waya. Ƙaramar kwaleji irin tamu ta koma gidan reno: a goya yaro shekara guda, ya yi ƙwari, masu hannu da shuni su ɗauke. Wanda ya tafi ba a ba shi riga, sabon zuwa ake sa wa. A nan Fredrick ya gane abin da ya jawo wa kansa. Ɗinkin Malam ba ya warwaruwa, in kuwa aka matsa da reza aka cire, sai bayan rigar ya koma kamar rariya.

Wanda tafiyarsa ta fi ƙona wa Malam rai shi ne Nathan Shekari, ɗan wata 'yar cocinmu daga Kudancin Kaduna. A nan aka haife shi, ana yi masa Hausa yana mayar da Turanci, amma yakan rusuna ya gaida Malam, yana ce masa Baba. Shekara guda ya yi, wata babbar jami'a ta ɗauke shi. Ya zo har shago yin sallama, Malam bai ɗaga kai daga keke ba.

Wannan ya ba ni haushi ƙwarai. Na san uwar yaron, aiki biyu take yi har ƙafafunta suka kumbura, kuɗin da tafiyar ɗanta ta kawo ne ya sa ta ajiye ɗaya. Na shiga shagon hannuna duk man kitso.

"Malam, kai wa ya riƙe ka a Zariya? Da ka ga inda ya fi, ba tattarawa ka yi ka taho ba?"

"Maman Nanret, ni ban ce kar ya tafi ba," in ji shi. "Amma ni sai da na gama koyo kawu ya sallame ni. Wannan ko rabin digiri bai yi ba. In ƙafarsa ta goce a can, wa ya san shi?"

Har yau in na tuna, gani nake ni da shi kowa yana da gaskiya, kuma gaskiyarmu ba ta hana yaro ko ɗaya tafiya ba.

Da rigunan da suka lalace suka taru, Fredrick ya zo ya faɗa masa a fili: ko ya koma ɗinkin ƙyalle mai sauƙin cirewa, ko a kai aikin kamfanin da ke manna suna da zafin inji. Malam yana da 'ya'ya a makaranta, aikin nan ne kuma yake riƙe shagon lokacin sanyi, sa'adda babu bukukuwa. Ya amince, amma fuskar nan kamar an yi masa rasuwa.

Sai dai mutumin da bai taɓa sakin ɗinki ba bai san iyakar saki ba. Ya saki har ya wuce gona da iri. A wasan farko na raka shi, ina gefensa wani ɗan ɗaya ƙungiyar ya finciko rigar sabon yaronmu, ƙyallen ya ɓalle ta gefe guda. Yaron ya yi ta gudu sunansa yana reto a baya kamar jela, ɗalibai suna dariya suna ɗauka a waya. Fredrick ma dariya ya yi, ya ce ba komai, a ɗan ƙara matsewa kawai. Malam bai yi dariya ba. Ya karɓo rigunan duka, ya cire ƙyallayen, ya mayar da kowane suna jikin riga irin nasa na da.

Da na ji kekensa ya koma waccan tafiyar tasa a hankali, na gane. Na leƙa na tambaye shi ko ya san abin da yake yi kuwa.

"Na sani," ya ce. "Muddin yaro yana cikin rigar, sunan nasa ne. Ba aro na ba shi ba."

Da aka gama wasannin shekarar, fiye da rabin yaran suka shiga fotal. Fredrick ya zo yana ta ba da haƙuri, ya ce an ba kamfani aikin. Ya sauke masa buhun tsofaffin rigunan da aka farke wa suna, wai ya riƙa goge keke da su.

Yanzu Malam rage tsawon wando yake yi, da ɗinkin anko in biki ya kama. Ya daina zuwa kallo. Ni dai har gobe ina ganin da hannunsa ya zubar da abincinsa, kuma na faɗa masa haka, ba sau ɗaya ba. Amma tausayinsa nake ji, wani lokaci har da ɗan kishi, domin ni duk kitson da na yi na san kwance shi za a yi.

Wata rana da azahar na shiga aron almakashi, na tarar da shi tsaye a bakin taga, buhun nan a buɗe, ya ɗaga riga ɗaya sama rana tana ratsa hujojin allura. Ya ce in matso in duba. Babu harafi ko ɗaya a jikin rigar, amma na karanta Shekari sarai. Ya ninke ta a hankali, ya ɗauko ta gaba.