Hannayen Kakata a Maiyama

Ina aji biyu a jami'a a Aliero wata malamarmu ta kama ni ina zane a bayan littafi maimakon rubuta darasi. Na zaci faɗa za ta yi. Washegari sai ta miƙo mini wani littafi mai nauyi, ta ce in dawo da shi bayan hutu.

Zane-zanen wata mata ne, Bayahudiya. Kusan kowane shafi tebur ne da farin ƙyalle, kyandir biyu, da wata tsohuwa da ta rufe fuska da tafukanta. Malamar ta ce haka matansu ke addu'a ran Juma'a da yamma idan sun kunna kyandir. Tsohuwar kakar mai zanen ce. An kashe ta a yaƙin Turai tun ba a haifi jikar ba, ko hotonta bai tsira ba. Abin da uwar mai zanen ta ba ta labari, shi take zanawa.

Da na je gida Jega na ɓoye littafin, don Baba malamin allo ne, ba ya son zanen mutane. Wata rana da hantsi ya iske ni da shi a tsakar gida. Ya karɓa, ya daɗe yana buɗe shafukan.

"Mi ya hana ta yi wa tsohuwar ga fuska?"

Na faɗa masa. Sai ya ce, "Ke taki kakar tana nan da ranta a Maiyama. Sai Sallah kike ganinta."

Satin nan na tafi. Kwana tara na yi ina zana hannayenta: suna jan carbi, suna dama fura, suna tsince albasar da ta fara lalacewa. Da farko dariya take mini. Daga baya ita ke cewa, "Zauna nan, in ba ki labarin wanga tabo." Daga bakinta na ji sunan uwarta, da waƙar da uwar take yi idan tana daka.

Ba ta ƙara shekara biyu ba ta rasu. Bayan sadakar bakwai Baba ya kira ni zaure, ya ce in ba shi zane ɗaya, na carbin. Ya sa shi cikin akwatin littattafansa.

Ban taɓa ganin matar nan mai zane ba, ita ma ba ta san akwai Maiyama a duniya ba. Amma ta yi mini alheri, kuma ban manta ba.