Ranar da Ya Kashe Pompo Mai Lafiya

Akwai wata rana a cikin bazara da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita raina ba. Ita ce ranar da ɗana na fari ya zo ya tsayar da pompon ruwan garinmu, alhali babu abin da ya same shi.

Garinmu yana cikin kwarin Tarka. Kafin a yi mana foraj, wato rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, tsohuwar rijiya muke zuwa, can bayan gari, kuma ita ce ta cinye mini baya. Yaron nan ya tashi yana ganina ina dawowa a duƙe. Da ya girma sai ya koyi gyaran pompo, ya samu aiki a Tanut wajen masu kula da foraj-foraj na yankin.

Ran nan ya iso da hantsi bisa babur. A zaure ya gaya wa babansa an canza masa wurin aiki, za a kai shi arewa, can gaba da Agadas. Ina daga ciki ina tankaɗe, na ji komai, ban fito ba. Ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi hira da shi kamar sauran ba. Haka muka tarar, haka muka yi.

Da ya shigo gaishe ni sai ya durƙusa nesa kaɗan, ya miƙo salularsa. Ya san na yi yaƙi da jahilci, ina son in ga rubutu.

"Inna, duba nan. Duk aikin da za mu yi sai an shigar da shi cikin wannan. Gida biyu ne. Wannan na abin da ya lalace, wannan kuwa na rigakafi, a duba tun bai lalace ba."

"To, namu ya lalace ne?" na tambayi ƙanwarsa da ke zaune kusa da ni, don ita nake kallo, ba shi ba.

Ya yi murmushi. "Lafiyarsa lau. Lokacin dubansa ma bai yi ba. Na roƙi shef, shugabanmu, ya bar ni in sa shi a gidan rigakafi, ya yarda. In na tafi ya mutu, layin masu jiran gyara za ku bi, Inna, kuma layin da tsawo."

Ya danna gidan da yatsa a gabana, ya tashi.

Kafin azahar gari ya ɗauka. Mata sun jera bidon, jarkokinsu na ruwa, Buzaye da Fulani sun iso da raƙuma da shanu, ga rana tana dukan ƙasa, shi kuwa ya rufe ruwa yana kwance ƙarafa. Wani dattijo, abokin wasan kakansa, ya dogara sanda ya ce, "Kai angon injin, a ina ka taɓa ganin an yi wa mai lafiya ƙaho? Ko hannunka ne ke ƙaiƙayi?" Aka yi dariya, amma ba kowa ne ya yi ba. Wata maƙwabciyata ta juyo gare ni ta ce, "Ke ba za ki yi masa magana ba? In ya kasa mayarwa fa?"

Maigari ma ya fara cewa a mayar da komai yadda yake, a bari sai ya lalace. Na ga yaron ya ɗago kai, gumi na zuba, ya dube ni sau ɗaya. Uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a gaban jama'a. Sai na sunkuya na ɗauki bidona, na ce wa mata, "Ni dai na tafi tsohuwar rijiya. Wuni ɗaya ba zai kashe mu ba, mun yi shekaru muna yi." Na kama hanya ban waiwaya ba. Can na ji takun sawu a bayana, ɗaya, biyu, har suka yi yawa. Da layin matan ya watse, maigari ya ƙyale shi.

Da la'asar ruwa ya dawo. Ƙanwarsa ta kawo mini wata roba da ya cire, yashi ya cinye gefenta ta yi sirara kamar ganyen albasa. Washegari ya tafi. Na dama masa fura, na ba ƙanwarsa ta kai masa, na tsaya bayan zana har ƙarar babur ta ɓace.

Shekaru sun shuɗe, pompon bai taɓa tsayawa ba. Wasu ne ke zuwa dubansa yanzu. Duk sanda na ji babur a bakin shato, tankin ruwan foraj, sai na leƙa, ko da na san ba shi ba ne. Robar tana nan cikin kwallata.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, mai ƙaunarka ba ya jira sai ka faɗi kafin ya zo. Shi ya sa yanzu ba na jira in ji ba shi da lafiya. Ranar Juma'a nakan ɗauki salula in kira da kaina. Har yau ban iya faɗin sunansa ba. Ina cewa ne kawai, "Ruwa yana zuwa." Shi kuma ya ce, "Na ji, Inna."