Katifun Yaya

Duk layin nan Injiniya ake ce masa, har yaran da ba su san me yake yi a cikin ɗakin nan ba. Mutum ɗaya ce ta ƙi karɓar wannan suna, ita ce yayarsa. Ga furfura ta fara leƙo masa a gemu, ga 'ya'ya huɗu, amma Auta take kiransa, kuma ba ta fi jin daɗin kiran ba sai in akwai baƙi.

Da gyaran rediyo ya fara, a kan benci a bakin titi. Daga nan ya koma naɗa sifika, wato in wayar cikinta ta ƙone ya warware ya sake mata sabuwa. Yakan ce sifikun da suka bi ta hannunsa sun haura ɗari huɗu, kuma tara cikin kowane goma bes ne ya kashe su. Bes kuwa shi ne ƙasan kiɗa, wannan amo mai nauyi da ƙirji ke riga kunne ji. In ya yi yawa ya haɗiye muryar mawaƙi, in ya yi kaɗan waƙa ta tsaya a iska kamar rumfa ba dirka. Injiniya ya daɗe yana jinyar waɗanda bes ya raunata, don haka da ya sayi kwamfuta ya koma haɗa sautin waƙoƙi, ya riga ya san mugun da zai zauna da shi.

Situdiyon nasa shagon da mahaifinsu ya bari ne, ɗaki guda a gaban gida, mita huɗu tsawo, mita huɗu faɗi, bangon siminti, taga ɗaya, ƙofar ƙarfe. Gadon su biyu ne, shi da Yaya. Ita kuwa katifa take sayarwa, sai ta mai da rabonta wurin ajiya. Katifu ashirin da biyu, masu kaurin gaske, a jingine a kusurwa huɗu har rufi, wasu a jere a bangon baya. Teburinsa ya takure can gaba, da sifikunsa biyu da kujera ɗaya.

A wannan matsin ya yi suna. Mawaƙa suka riƙa gaya wa juna cewa bes ɗin Injiniya yana zama. Ka sa waƙarsa a waya ka ji shi, ka sa a mota ka ji shi, ka sa a manyan sifikun ɗakin taro bai fasa komai ba. Babban mai shelar wannan magana shi ne Dogo, mawaƙi mai siririyar murya, wanda tun waƙarsa ta farko bai taɓa kai aiki wani wuri ba. Dogo yana da tsohuwar mota, ita ce kotunsa. Duk waƙar da aka gama sai ya shiga ciki, ya ɗaga gilashi, ya saurara. In ya gyaɗa kai an gama, in ya taɓe baki a koma ciki.

To amma zama da katifun nan ya ishi Injiniya. Ana tsakiyar ɗaukar murya sai ƙofa ta buɗe, Yaya ta shigo da mai saye. Mai saye ba ya saye sai ya danna, ya zauna, wani har ya kwanta ya juya. Ledar katifa ta yi ta ƙara tana shiga makirufo. Da aka buɗe sabon situdiyo a tsallaken titi, mai ƙofar gilashi da shuɗiyar fitila, sai abin ya koma masa kunya.

"Yaya, don Allah dubi wurin nan," ya ce mata wata rana bayan ta fita da wata mai saye. "Situdiyo ne ko ɗakin kwanan ɗalibai? Jiya wani mawaƙi ya leƙo ya tambaye ni nawa ce mai inci goma."

"Ka gaya masa kuwa?"

"Ba wasa nake yi ba."

"Ni ma ba wasa nake yi ba, Auta. Ciniki ya zo har ƙofa ka kore shi."

Ya yi magana ta hankali, ya yi ta fushi, ya aika matarsa, ya kawo misalin na tsallaken titi. A ƙarshe Yaya ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, "Ai shi ke nan. Tunda katifuna ne suka hana ka zama babban mutum, gobe za ka wayi gari babba." Ta kira masu kura suka kwashe su tas zuwa barandar gidanta, ta ajiye masa makullinta a kan tebur.

Ranar nan Injiniya kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. Ya yi fenti. Ya ɗauko tef ya auna, ya dasa kujerarsa a tsakiyar ɗakin daidai, mita biyu ta kowane ɓangare, don ya ga hakan ya fi kyau a hoto. Ya sayi kwalin ƙwai guda ɗari da ashirin ya manne bango da su, wai don su shanye amo. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon na tsallaken titi, yana jin yanzu kam an zama ɗaya.

Aikin farko a sabon ɗakin shi ne sabuwar waƙar Dogo, wadda wani gidan rediyo ke jira. Injiniya ya zauna ya kunna. Murya ta fito, ganguna sun fito, amma ƙasan kiɗan babu shi. Ya ƙara masa ƙarfi mataki uku. Shiru. Ya kai shida. Da ya kai tara ya fara jin ɗan motsi, ya ce madalla, ya miƙa wa Dogo.

Motar Dogo ba ta taɓa shan irin wannan wahala ba. Ƙofofi huɗu suka ɗauki rawa, madubi ya riƙa karkarwa, murfin akwatin gaba ya buɗe da kansa. Muryar mai waƙar kuwa sai ka ce daga cikin rijiya.

Dogo ya sauke gilashi. "Injiniya, waƙa na kawo maka ko injin niƙa?"

"Motarka ce ta tsufa."

"Jiya ma tsohuwa ce, kuma ba ta yi haka ba."

Injiniya ya koma ciki ya rage. A wannan karon sai ya lura akwai amo guda a cikin jitar bes da ke kumbura ya cika ɗakin duk lokacin da aka zo kansa. Ya bi shi ya datse. A ɗaki komai ya daidaita. A mota kuwa sai bes ɗin ya koma ɗingishi, ya taka uku lafiya, na huɗu ya faɗa rami. Karo na uku ya raba tsakani, aka samu waƙar da ta haɗa cutar biyu.

Dogo bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Ya kashe motar, ya dubi ƙofar gilashin da ke tsallaken titi, ya ce, "Ka san ban taɓa kai waƙata wajen kowa ba. Amma masu rediyo ba za su jira ni har abada ba. Sau ɗaya ya rage. In bai zauna ba, ka yi haƙuri, zan tsallaka."

In Dogo ya tsallaka, Injiniya ya san sauran za su bi shi kamar tumaki, domin bakin da ya yaɗa sunansa shi ne zai yaɗa faɗuwarsa. Sai ya shiga neman mai laifi. Ya canza wayoyi goma sha ɗaya. Ya buɗe sifikun biyu ya duba cikinsu, lafiyarsu ƙalau. Ya zargi wutar lantarki, ya tayar da janareta, abin bai canza ba. Ya ƙara kwalin ƙwai arba'in. Har kemis ya je aka wanke masa kunne, ya dawo yana jin ƙarar agogon maƙwabta, amma bes ɗin nan bai ji shi ba. Matarsa ta ce ko ya huta ne, ya ce da ita hutu ba ya gyara sauti, ta ce masifa ma ba ta gyarawa.

Fanka ce ta tona asirin. Zafi ya dame shi, waƙar na ta maimaita kanta, sai ya tashi ya je kusurwar baya zai jona fanka. Yana sunkuyawa bes ya doke shi a ƙirji kamar an jefe shi da buhu. Ya miƙe tsaye. Ya dawo kujera, babu komai. Ya koma kusurwa, ga shi nan kamar zai rushe bango. Ya bi ɗakin a hankali, bango zuwa bango, yana jin amon na tashi yana faɗuwa, alhali bai taɓa ko maɓalli ɗaya ba.

Abin da ya fi ƙona masa rai, ya san wannan karatun. Shi da bakinsa ya sha yi wa masu koyo bayaninsa. Amon ƙasa dogo ne. Wanda ke kaɗawa sau arba'in da 'yan kai a daƙiƙa, tsawonsa ya kai mita takwas, ninkin ɗakin nan. Ba shi da wurin miƙe ƙafa, sai ya bugi bango ya dawo ya ci karo da kansa. A kusurwa ya taru ya yi tsibi, a tsakiya ya kashe kansa. Shi kuwa da tef ɗinsa ya auna ya zauna daidai inda amon ke mutuwa. Kwalin ƙwai ba ya tare irin wannan, kamar ka tare ambaliya da rariya ne. Abin da ke shanye shi sai abu mai kauri da taushi, a jibge a kusurwa har sama.

Ya zauna a ƙasa ya dubi kusurwoyin nan huɗu da ya share ya yi wa fenti. Ashe rabin kunnen da ake yabo soso ne.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya wanke ƙafa ya tafi gidan Yaya, ya same ta a baranda tana kaɗe ƙura daga kayanta.

"A'a, babban mutum! Yau kai ne a gidan talakawa?"

Ya gaishe ta har da durƙusawa, ya tambayi yara, ya tambayi kasuwa, ya yaba sabon labule. Ta bar shi ya gama zagayensa.

"Faɗi abin da ya kawo ka, Auta, tun kana goye na san fuskar roƙonka."

"Katifun nan, Yaya. Ina ganin rana na dukansu a nan."

"Allah sarki, tausayinsu ya hana ka barci."

Dole ya faɗi gaskiya. Ya yi mata bayanin tsawon amo da kusurwa da tsakiya, tana saurare tana gyaɗa kai kamar mai jin hukuncin da ta daɗe da sani.

"Ban gane ko ɗaya ba," ta ce, "amma na gane kana so ka ce ɗakin kwanan ɗalibai ya fi situdiyo. Maimaita in ji."

Ya maimaita.

"To. Sha shida suka rage, kuma wani mai sabon masauki zai ɗauki sha biyu gobe. In kana so, a kai su yau, ya je can ya ɗauka. Sannan a dawo min da makullina."

Da yamma masu kura suka mayar da su. Ya raba huɗu huɗu a kowace kusurwa, ya janye teburin daga tsakiya ya mayar da shi tsohon matsayinsa na takura. Washegari da safe ya kunna, sai ga bes ɗin a gabansa, kowane amo da girmansa, har da ɓarnar da ya yi masa tana kallonsa.

Ya fara gyara. Ya yanke can ƙasan da kunne ba ya ji amma yake cinye ƙarfin sifika a banza. Ya ba babbar ganga wurin da ya fi zurfi, ya ɗaga jitar bes sama da ita kaɗan don kada su riƙa hawa kan juna. Ya mayar da amon da ya datse. Yana cikin tattara bes ɗin zuwa tsakiya don kada ya rabu hagu da dama, sai ya ji tsayawar mota, ga mai masauki da 'yan dako uku.

"Yaya, riƙe min shi," ya ce ba tare da ya juyo ba.

"Mutum ne fa, ba akuya ba."

Amma ta riƙe shi. Ta tambayi lafiyar iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, ta ba shi labarin kamfanin da ke yin soson, ta sa shi ya danna kowace katifa. Injiniya na jin su ta bayansa yana ɗan ƙara wa bes ɗin kaifi a sama, yadda ƙaramar sifikar waya ma za ta nuna yana nan. Haƙurin mai masauki ya ƙare, ya ce a fara ɗauka. Ta farko ta fita, ta biyu ta bi ta. Ana ɗaga ta huɗu Injiniya ya ji ɗakin ya fara kumbura a kunnensa, hannunsa har ya kai zai rage. Ya janye shi da sauri, ya adana aikin yadda yake, ya fita.

Dogo, da ke jira a waje, ya karɓi waƙar ya shiga motarsa ya ɗaga gilashi. Injiniya na tsaye a rana yana kallon madubi, madubi bai motsa ba. 'Yan dako na wucewa ta gefensa da katifa a ka. Waƙar ta kai ƙarshe, Dogo ya sake kunna ta daga farko, sannan ya sauke gilashi yana gyaɗa kai.

"Ya zauna. Gobe zan kawo maka ta biyu, akwai wasu shida a bayanta."

Injiniya ya leƙa ɗakin. Katifa huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, a tsaye kamar marayu. Ya juya wajen Yaya da murya mai laushi.

"Yaya, sabon kaya fa, yaushe zai iso?"

"Sai na ga dama, Auta. Matsa daga hanya, ga wata nan tafe tana son mai inci goma."