Kibiyoyin da Kika Bar Mana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, mijinki ya kira ofis ya ce Allah ya yi miki rasuwa. Yaya Injiniya, kin tafi kin bar mu da aikin da ke kaɗai kika san ciki da wajensa.

Manhajar da muke ginawa tana nuna wa likita ƙashin majiyyaci a kwamfuta, ya juya shi ta kowace fuska kamar yana riƙe da shi. Ke kika koya mini cewa ƙashin nan ɗinki ne na ƙananan alwatika, kowacce da kibiyarta mai nuna inda ta fuskanta, kuma da ita kwamfuta take auna hasken da zai sauka a wurin. Kika ce aikin kibiya nuni ne kawai, don haka dole a yi lissafi a raba kowacce da adadin tsawonta, duk su koma tsawo ɗaya. In wata ta fi tsawo wurin ya yi ƙyalli, in ta gaza ya yi duhu, alhali ƙashin lafiyarsa lau.

Ba kya karɓar aikin kowa sai kin ɗora shi a kan farin ƙwai da kika zana a kwamfuta, kin zagaya shi da fitila. Muna yi miki tsiya, muna cewa Yaya za ta soya mana ƙwai. Wata rana na miƙar da wani ƙashi na manta ban daidaita kibiyoyin ba, ƙwan ya fito da tabo baƙi ƙirin. Ba ki yi faɗa ba. Kika jawo kujera kusa da ni kika ce, “Ƙanena, a kan ƙwai tabo ne. A gwiwar ɗan wani kuwa, likita zai ce tsagewa ce ya ɗauko wuƙa.” Kika zauna har na gyara, kika raba abincinki biyu kika turo mini rabi.

Yanzu an ce ni zan zauna a kujerarki. Ni da har gobe nake mantuwa! Jiya likitan ƙashi ya turo hoton gwiwar wata yarinya, da wani siririn layi mai duhu, yana tambaya ko ciwo ne ko kuskurenmu. Na juya zan kira ki, sai na ga kofinki a kife. Na gwada ƙwan ya fito sumul, amma zuciyata ta ƙi kwanciya, domin ke kina ganin abin da ni ba na gani. Na ce wa likitan kada ya taɓa yarinyar sai ya sake ɗaukar hoto. Tsoro nake ji, Yaya, ba zan ɓoye ba.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'ya'yanki, da mahaifiyarki, Allah ya ba su haƙurin rashi. Mu kuma da kika bari, Allah ya tsare hannuwanmu, kada a yanka ɗan kowa saboda inuwar da muka zana.