Malam Abdulmutalib da Ƙa'ida ta Sha Huɗu

Ranar Talata, ashirin da ɗaya ga watan Oktoba, ana shirin kiran azahar, wani direban motar hatsi ya tsaya a ƙofar sakatariyar ƙaramar hukumarmu, ya ce a fito da tabarma. Gawar Malam Abdulmutalib Marnona, akawun majalisar kansiloli, ita ce a bayan motarsa. A gefen hanyar Tungar Baushe ya tsince shi, da harbi biyu a ƙirji. An tafi da babur ɗinsa, amma jakar takardunsa tana rataye a wuyansa. Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, kowa da ranarsa. Bayan la'asar muka rufe shi a Marnona, kusa da mahaifinsa. Shekarunsa hamsin da bakwai.

Ni ne Lawwali, shugaban wannan majalisa, wanda mutane suke kira Lida. Shekara uku ke nan ina kan kujera, kai kuma Malam kana zaune a ƙasa kaɗan, ta hannun damana, da littafinka da biro. Ba ni da masaniyar rubutu irin taka. Amma akwai abin da na sani game da kai wanda in ban faɗa ba, babu mai faɗa.

Lokacin da aka rantsar da mu, mu goma sha ɗaya ne, kuma babu wanda ya taɓa zama a majalisa a cikinmu. Akwai manomin albasa, akwai mai sayar da kayan babur, akwai tsohon malamin makaranta. Ni kaina ɗan kasuwar hatsi ne. Mun shigo da zumuɗi, kowa da dokar da ya yi wa mutanensa alkawari. Ranar zaman farko muka tarar ka ajiye wa kowa wasu takardu a gabansa. Ƙa'idojin zaman majalisa ne. Na da can da Turanci suke, sun shekara goma a cikin kabad babu mai buɗewa. Kai ka zauna ka mayar da su Hausa, Madam Patricia mai buga takardun ofis ta buga su. Na ce maka a ajiye wannan tukuna, muna da ayyukan gaggawa. Ka ce da ni: "Lida, kahin ku yi ma mutane doka, ku hwara shirya yadda za ku yi magana tsakaninku. In ba haka ba, mai ƙarhin murya shi ka cin nasara kullum."

Kwana biyu cur muka yi a kan takardun nan. Kana karanta ƙa'ida ɗaya, mu yi gardama, mu kaɗa ƙuri'a, ka rubuta abin da muka tsayar. Ba ka taɓa ɗaga hannu tare da mu ba, domin akawu ba shi da ƙuri'a. Alhaji Musaddiq, wanda ya girme mu duka, ya so a ce babba ne zai fara magana a kan kowane ƙudiri. Matasan cikinmu suka ƙi. Daga ƙarshe aka tsayar cewa wanda ya riga ɗaga hannu shi za a fara ba, minti biyar, kuma ba ya sake magana sai duk mai so ya yi tasa. Tun daga ranar kake cire agogonka ka ɗora a tebur. In lokacin mutum ya cika sai ka ƙwanƙwasa tebur da gindin biro, sau biyu. Har Alhaji Musaddiq ka ƙwanƙwasa wa, ya yi fushi ya fita, ya dawo bayan ya sha ruwa.

Aka tsayar kuma cewa sau uku za a karanta kowane ƙudiri. Karatun farko suna kawai za a ambata, a raba wa kowa kwafi ya tafi da shi gida. Sai an kwana uku kafin karatu na biyu, a nan ake muhawara. Daga nan a miƙa wa kwamiti ya duba, sannan a dawo a yi na uku a kaɗa ƙuri'a. Mutum shida sun isa a buɗe zama.

A kan wannan shidan ne Lukman, kansilan Tungar Baushe, ya miƙe. Ya ce mu shida da muke bakin kwalta muna iya haɗuwa kowace safiya. Su biyar na cikin daji kuwa, wata rana hanya ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, kuma tun da aka ƙone turken waya babu sabis a wajensu. Ya ce: "Ke nan kuna iya zama ku yanke muna hukunci, mu ji ga kasuwa." Gaskiya ya faɗa. Kai ne ka nemi izini ka rubuta wasu layuka uku a takarda ka miƙo mini na karanta. Ba za a yi karatu na biyu na ƙudirin da ya shafi wata mazaɓa ba, sai an kai wa kansilanta takardar gayyata hannu da hannu, kwana biyu kafin zama, ya sa hannu ya karɓa. Mutum shida suka amince, huɗu suka ƙi. Ina cikin waɗanda suka yi murna, ko da yake ni ba ni da ƙuri'a sai an yi kunnen doki. Ita ce ta zama ƙa'ida ta sha huɗu.

A shekararmu ta biyu, da damina, 'yan bindiga suka kashe ƙanena Mujaheed a gonarsa wajen Shinaka, shi da mutum takwas. Ni na wanke shi. Kwana huɗu bayan haka na shigo majalisa da ƙudiri a hannuna: a tashi duk rugagen da ke mazaɓu biyu na gabas, har da ta Lukman, cikin mako guda, kuma a hana makiyaya shiga kasuwanninmu. Mu bakwai ne a zaman, duk ranmu a ɓace, a waje kuma jama'a sun cika harabar suna jira. Na ce a karanta sau uku a yau a gama. Kowa ya ce ya yarda. Kai ka ajiye biro.

Na ce: "Malam, rubuta."

Ka ce: "Ba ni iya rubuta abin da ba a yi bisa ƙa'ida ba, Lida. Kwana ukku ba su cika ba. Lukman ba shi nan, kuma ba a kai mai takarda ba."

Na ce maka maganar da har yau nake jin kunyarta. Na ce kai wa ya zaɓe ka? Na ce ma'aikaci ne kai, ana iya ɗauke ka gobe a kai ka sito ka riƙa ƙirga tsintsiya. Na ce da ƙanenka aka kashe da ba ka tsaya lissafin kwana ba. Ba ka ɗaga murya ba. Ka ce: "Mujaheed ɗalibina ne ga makarantar Tursa, ni na koya mai karatu. Amma ku kunka yi ƙa'idag ga, ba ni ba. In kuna so ku soke ta, akwai hanyar sokewa, ita ma tana da kwanakinta."

Na buga sanda na tashi zaman. Da ka fito, wani a cikin taron ya jefe ka da dutse ya fasa maka goshi, ana cewa an saye ka. Ina kallo ta taga, ban fito ba.

Washegari, da filasta a goshi, ka hau babur ka kai wa Lukman takarda. Ranar karatu na biyu ya zo da wasu dattawan Fulani uku, aka ba su izini suka tsaya a gaban kwamiti. Ɗaya daga cikinsu ya kwance rawaninsa ya nuna mana inda aka sare masa kunne. Mutanen da suka kashe Mujaheed su ne suka kore masa shanu a makon, suka tafi da 'ya'yansa mata biyu. Gida arba'in da wani abu ƙudirina zai kora, kuma babu inda za su nufa sai dajin da masu kashe su suke. Da aka zo karatu na uku, babu maganar tashin ruga a ciki. Abin da ya rage shi ne rajistar masu kawo dabbobi kasuwa. Ban ce wannan ya kawo zaman lafiya ba. Har yau ana kashe mu. Amma ban kwana da alhakin gida arba'in ba, kuma kai ka hana.

Na je gidanka na ba ka haƙuri. Ka sa aka kawo mini fura, ka ce magana ta wuce, sai ka shiga tambayata ko an sami wanda zai nome gonar Mujaheed don yaransa. Daga baya na ji kai ka tura masu noma. Haka kake. Matan da suka gudo daga ƙauyuka sukan zauna a bakin ofishinka ka rubuta musu takardar koke, ka karanta musu abin da ka rubuta, ka tambaye su ko haka suke nufi. Lokacin da mijin Madam Patricia ya rasu, kai ka raka gawar har garinsu, tafiyar yini guda, ka tsaya a bakin coci har aka gama.

Yanzu sai maganar da ta fi yi mini nauyi.

A watan jiya aka kawo ƙudiri a kan 'yan gudun hijirar da suke kwana a azuzuwan makarantar firamare. Yara sun yi wata biyar babu karatu, iyaye suna ta ƙorafi, ana so a mayar da mutanen wani fili a bayan gari. Yawancinsu mutanen Tungar Baushe ne. Lukman kuma yana can ƙauyen, ya ƙi fitowa ya bar waɗanda suka rage lokacin girbi. Na sa ranar Alhamis don karatu na biyu. Ranar Litinin ka same ni a ofis ka ce a ɗaga zaman da mako guda, domin ranar Asabar sojoji suna raka motocin kasuwa ta wannan hanya, sai ka bi su ka kai takardar. Na ce an matsa mini daga sama, ba zan ɗaga ba. Na ce a bar takardar kawai, mu rubuta cewa hanya ba ta biyuwa, Lukman zai fahimta.

Ka ce: "Mutanenai na za a tasa, Lida. In ba shi nan, wa za ya ce mi suka so?"

Na ce to ka aiki wani.

Ka ce: "Ɗan wa za ni aika ga hanyag ga?"

Na ci gaba da duba takardun gabana. Kai kuma ka tsaya kaɗan, ka yi sallama ka fita. Kalma ɗaya ce a bakina da za ta ɗaga zaman nan, ban faɗe ta ba. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun gaya mini, na kuma yi imani. Amma ni na sa ranar.

Takardar ba ta isa hannun Lukman ba. Madam Patricia ce ta ciro ta daga jakarka, wurin sa hannu babu komai. Ranar Alhamis muka haɗu, har da Lukman da ya biyo motar 'yan sa-kai ya zo gaisuwa. Kujerarka babu kowa, babu wanda ya san ta inda ake buɗe littafin. Wani ya ce tunda Lukman ya zo a ci gaba. Na ce bai karɓi takarda kwana biyu kafin zama ba, na ɗaga zuwa mako mai zuwa. Abin da ka roƙe ni ke nan ranar Litinin, na yi shi ranar Alhamis, kana cikin ƙasa.

Ba zan ɓoye maka ba, Malam, kansiloli huɗu sun kawo buƙatar a soke ƙa'ida ta sha huɗu. Sun ce ita ta kashe ka, kuma ba za a sami akawun da zai sake bin hanyar nan ba. Ba mugaye ba ne, wasunsu da hawaye suka faɗa. Lukman ya ce in aka soke ta, to a cire kujerarsa a huta. An yi karatun farko. Ban san yadda ƙuri'a za ta kaya ba.

Ranar sadakar uku na nemi ganin maiɗakinka, Malama Mahbuba. Na tsaya daga zaure, tana daga ciki, na gaya mata duk abin da ya faru ranar Litinin, ban rage komai ba. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce: "Ya hwaɗa min. Na ce kar ya tahi, ya ce aikinai na. Alhaji, ban da abin da za ni ce maka yanzu. Ka yi mai addu'a." Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma ga laifinta ba.

To, addu'ar ce ta rage mini. Ya Allah, ga bawanka Abdulmutalib ya zo gare Ka da jini a rigarsa, a kan hanyar kai wa wani haƙƙinsa. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka karɓe shi cikin shahidai, Ka haɗa shi da iyayensa a Aljanna. Ka ba Malama Mahbuba haƙurin da babu mai ba ta sai Kai. Ka raya 'yarsa Kausar da ƙannenta huɗu, Ka tsare su daga wulaƙancin maraici. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yan'uwansa na Marnona, da ɗalibansa na Tursa, da abokan aikinsa, da mutanen Tungar Baushe waɗanda ya mutu a hanyarsu. Allah Ka kawo mana ƙarshen wannan zubar da jini a ƙasarmu. Ni kuma da na ƙi ɗaga zama da mako guda, Ka yafe mini, Ka sa shi ma ya yafe mini ranar da za mu tsaya a gabanka. Amin.