Randar Da Na Wanke Sau Bakwai

Ƙarar murfin randa ce ta fara komai. Mu ba faifai muke rufe randarmu da shi ba, murfin wata tsohuwar tukunyar ƙarfe ne, duk wanda ya ɗaga shi sai an ji ƙwal har zaure.

Gidanmu yana wani ƙauye a gefen Challawa, a farkon shekarun tamanin, lokacin da kamfanonin jima suka kewaye mu. Babana, Malam Garba, a ɗaya daga cikinsu yake kankare fata. Wanda bai zauna wurin ba ba zai gane warin ba. Kamar an haɗa ruɓaɓɓen ƙwai da mushe a tukunya ɗaya an bar su a rana. Kwatar kamfanin ta biyo ta bayan gidajenmu, yau ruwanta shuɗi, gobe ja-ja, da kumfa da gashi da guntayen kitse suna yawo a kai, koren ƙuda yana binsu. Rijiyar unguwa kuwa taku kaɗan ne tsakaninta da kwatar. Mun saba, har mun daina toshe hanci.

Ina aji biyar a lokacin. Ƙanwata Bintu, 'yar shekara uku, ta kwana shida tana gudawa, ƙuraje sun feso mata a wuya da hammata, idanunta sun faɗa. Na yi kwana uku ban je makaranta ba ina taya Inna jinya. Shi ya kawo Malama Rifkatu gidanmu.

Ita ce shugabar makarantar firamarenmu. Bahaushiya ce kamar mu, daga wani ƙauye a kudancin Kano, sai dai Kirista ce, ita ke jagorantar matan cocinsu da ke kan tudu. Doguwa, mai ɗaurin kallabi a gaba, kullum a kan kekenta. Rabin unguwar ita ta koya wa rubuta suna. Ita ke karanta wa mata wasiƙa, ita ke raka mai naƙuda asibiti idan miji yana aikin dare. Duk da haka, idan ta shiga gida, tabarmar da aka fi tsana ake shimfiɗa mata.

Ta yi sallama, ta durƙusa ta gaida kakata Iya, ta duba Bintu, ta ja fatar cikinta ta ga ba ta koma da wuri ba. Sai ta miƙe, ba ta tambayi kowa ba, ta nufi gindin bishiyar da randa take, ta ɗaga murfin. Ƙwal. Ta sunkuya ta shinshina.

"Iya, ruwan nan shi ne ciwon," in ji ta. "Yara goma sha nawa ne a makaranta da irin ƙurajen nan, duk 'yan layin rijiyar nan. Kwatar ta shiga rijiyarku. Don Allah kada a ƙara ba yarinyar nan."

Malama ta yi mana sallama ta fita. Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba da ke zaune tare da mu, ta jira har sai da ƙarar keken ta yi nisa, sannan ta buɗe baki.

"Kun ga mini ƙarfin hali? Hannun da ba ya alwala a cikin randarmu?" Ta tuntsurar da randar, ruwan ya malale a tsakar gida. "Hanne, ɗauko toka da soso. Sau bakwai, na farko da ƙasa."

Wankin kwanon da kare ya lasa ke nan. Na san haka tun a lokacin, don an koya mana a islamiyya. Kuma da wane ruwa na wanke? Da na rijiyar. Ina jawo guga, wani maiƙo yana kyalli a samansa, warin yana dukan fuskata, ina zubawa ina dirzawa, wai ina fitar da ƙazanta.

Ina kan na biyar, kaina cikin randa, na ji an jingina keke. Malama Rifkatu ce ta dawo, da farar jarka ɗaure a bayan keken. Ta dubi tokar, ta dubi ƙasar da ke hannuna, ta dubi Gwaggo da ke tsaye tana ƙirga mini. Mace ce da ta tashi cikin Hausawa, ba sai an fassara mata ba. Na so ƙasa ta tsage.

"Dirza da kyau, Hanne," ta ce, muryarta kamar a aji. "In kin gama kada ki cika ta da wancan. Ga wannan, daga rijiyarmu ta tudu. A tafasa, a sa ɗan gishiri da sukari, a riƙa ba ta da cokali."

Ta sauke jarkar a zaure ta tafi.

Da Baba ya dawo da la'asar, Gwaggo ta tare shi da labari tun bai cire takalmi ba. Fuskarsa ta canja.

"Ruwan coci? A bakin 'yata? Kuma in maganar rijiyar nan ta kai kunnen manaja, wa za a fara kora? Ita albashinta na gwamnati ne. Kada wanda ya taɓa jarkar nan."

Inna ta shige ɗaki da Bintu a kafaɗa, tana kuka ba sauti. Jarka ta zauna a zaure kamar baƙon da ba a yi wa maraba ba.

To, Baba shi ne ɗan farin Iya. Tunda nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. "Wancan" take ce masa, ko "mai gidan nan". Kunyar ɗan fari ba ta bar ta ta kira shi ta ce yi kaza ba, ko da gidan na ci da wuta. Abin da take da shi kawai shi ne tatsuniya.

Kullum bayan magariba, kafin wutar murhu ta mutu, mukan zauna a gabanta ni da yaran maƙwabta, tana gasa mana gyaɗa a toka. Ba ta fara tatsuniya sai Baba ya fita. A wannan daren kuwa yana zaune a tabarmarsa, kwanon tuwo a gabansa, zai koma aikin dare, sai ta gyara murya.

"Ku matso, ga wata ta iso da ƙafarta."

"Ta shigo mu gan ta," muka amsa.

Ta ce wai akwai wani tafki da duk namun daji ke sha. A saman rafin da ke zuba cikinsa zaki yake jefa ragowar abin da ya kashe, su ruɓe, ruwan ya gangaro da su. Kowa yana jin ɗoyi, ba mai magana, don a makiyayar zaki kowa ke cin ciyawa. 'Ya'yansu suka fara zawo. Ungulu, da yake daga sama take kallo, ta ga inda abin yake fitowa, ta sauko ta tsaya kan wani dutse a bakin tafkin ta gaya musu. Suka ce, ke mai cin mushe ce za ki koya mana tsabta? Suka kore ta. Sannan suka taru suka yi ta wanke dutsen da ta taka.

"Da wane ruwa?" Iya ta tambaye mu.

"Da na tafkin," yaran suka ce, suna dariya. Ni ban yi dariya ba, har lokacin akwai toka a farcena.

Ta ce akwai wani gwanki, mai manyan ƙahoni, 'yarsa tana kwance ba ta ko ɗaga kai. Ungulu ta tafi can kan tsauni, ta ɗebo ruwa mai kyau a ɓawon ƙwan jimina, ta ajiye masa a ƙofar gida, ta tashi. Gwanki ya fito ya tsaya a kan ruwan. In ya ɗauka, 'yan'uwansa za su ce ya sha daga bakin ungulu, zaki kuma zai ji. In ya bari, 'yar ba za ta kai safiya biyu ba.

A nan Iya ta tsaya, ta shiga tona gyaɗa da tsinke.

"Iya, sai me?" na tambaya.

"Daga nan na manta."

"Kai Iya, ya ba ta ko bai ba ta ba?"

"Ke da baki kamar reza. Ni tsohuwa ce, ƙwaƙwalwata ta zube. Je ki tambayi masu ƙaho, su suka san nauyin abin da ke kansu."

Ba wanda ya waiwaya wajen tabarma. Na ji dai an daina taɓa kwano. Can Baba ya wanke hannu, ya sa takalminsa na roba, ya shiga zaure. Muka ɗauka ya tafi. Sai ga shi ya dawo rungume da jarkar, ya dire ta a ƙofar ɗakin Inna, ya ce wa bango, "A tafasa." Ya fita. Gwaggo ta ja tsaki. Iya ta miƙo mini gyaɗa mai zafi ta ce in rage surutu.

Kusan wata biyu Malama Rifkatu tana kawo jarka kowace safiya kafin ta wuce makaranta, ta ɗauki ta jiya. A zaure take ajiyewa, ba ta ƙara shiga tsakar gidanmu ba, ba kuma wanda ya ce ta shigo. Bintu ta tashi. Gidan da ke bayanmu, da suka mayar mata da jarkarta, sun binne ɗansu a wannan daminar, aka ce kwana ne ya ƙare. Haka ne, kwana ya ƙare. Amma Allah bai ce mu sha guba ba.

Shekara kusan uku Malama ta yi tana rubuta takardu, tana hawa mota zuwa ofisoshi a Nassarawa, tana zaman jiran manyan kamfani a Bompai, har aka jawo mana famfo. Ranar buɗe shi, maza suka sha manyan riguna, aka yi jawabi, aka gode wa mai unguwa, aka gode wa manajan da kwatarsa ta kashe rijiyar. Ita tana can baya cikin rana tana jera 'yan makaranta su yi tafi. Gwaggo Asabe ce ta fara tara bokiti.

Abin da ke tayar mini da zuciya yanzu ba warin kwatar ba ne. Mu ne. Da na yi sakandare, wadda Malama Rifkatu ce ta tsaya har Baba ya yarda na tafi, na yi aure a Zawaciki, na zauna gaban malamai, na nemi inda addinina ya ce hannun maƙwabciya Kirista najasa ne, ban samu ba. Haƙƙin maƙwabci na samu, shafi bayan shafi. Mu muka ƙirƙiro ƙyamarmu muka sa mata rawani.

Ko tatsuniyar Iya, Allah ya jiƙanta, akwai ƙashin da ke tsaya mini a wuya. Ta ceci Bintu da ita, ban musa ba. Amma me ya sa sai ungulu? Duk tsuntsayen Allah, da ta tashi kare matar nan, mai cin mushe ta samo mata. Wataƙila ta san da haka ne kawai maganar za ta shiga kunnen ɗanta. Wataƙila kuma ita ma iyakar inda idonta ya kai ke nan.

Ni ma ban fita ba. Shekaru ina haɗuwa da Malama a kasuwa, in durƙusa in gaishe ta, ta tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Sau nawa maganar ta zo bakina, kunya ta mayar da ita. Na ce sai wani zuwan. Da ta rasu, mutanen da suka cika harabar cocin har titi, ɗalibanta ne, Musulmi da Kirista. Na je, na tsaya daga wajen katanga, na yi wa 'yarta gaisuwa a bakin ƙofa, na dawo gida kafin la'asar.

Kwanakin baya Bintu ta kawo mini autarta Ummi, 'yar shekara bakwai, ta yi hutu. Aka ɗauke wuta bayan magariba, ta ce in yi mata tatsuniya. Na yi mata ta Iya, sai dai na mayar da ungulun shamuwa. Da na kai inda gwanki ya tsaya a kan ruwan, sai na ji ba zan iya cewa na manta ba. Na gaya mata gaskiya, da sunan kowa, har da nawa. Tana wasa da bakin zanena, sai ta ɗago.

"Ashe da Malama ta yi fushi ran nan, da ba a haife ni ba. Kun dai ce mata an gode ko, Inna Hanne?"