Tafin Hannun Baba da Akwatina

Shekarar da na gama karatun lantarki a Kano na gane kunnen Baba ya fara tafiya. Bakanike ne a Rano, duk rayuwarsa da kunne yake saita inji. Sai ga manoma sun fara dawo da aiki: wani injinsa na shan mai, wani yana mutuwa a tsakiyar ban ruwa. A hankali suka koma wata rumfar. Ba wanda ya isa ya ce masa kurumta ce, ni kuwa ko da wasa.

A makaranta muna da ɗan injin jirgin wasa. Na haɗa wata ƙwaƙwalwar lantarki, ba ta kai kwalin ashana ba, da take ƙirga tartsatsin fulogi ta rubuta a allo sau nawa injin ya juya a minti guda. Na sa ta a ɗan akwati, na ce a raina in kunne ya ƙi, ai ido na nan. Amma sati biyu akwatin na cikin jakata, ina tsoron Baba ya ɗauka na raina shi.

Ranar kasuwar Kibiya wani Alhaji daga Saji ya kawo injin ban ruwansa, albasarsa na neman bushewa. Cikin tsofaffin masu kawo mana aiki shi kaɗai ya rage. Baba ya wanke kafireta, ya tayar, ya dafa tanki don ya ji bugun injin a tafin hannunsa, yana murɗa sukurdireba. Ni da shegen karambani na ciro akwatin, na nannaɗa wayarsa sau goma a wayar fulogi, yadda na saba da na makaranta.

Allo ya nuna dubu bakwai da wani abu, ninki biyun abin da ya kamata. In na yi shiru injin bawan Allah ya ƙone, in na yi magana na tona asirin mahaifina a gaban mutane. Alhaji ya leƙo ya ce, "Yaya, Malam ƙarami, me ya ce?"

Baba ya dubi lambar, ya sake dafa tankin, ya daɗe. Ya ce, "Akwatinka maƙaryaci ne. Da haka injin yake gudu, da tuni ya bar kan bencin nan."

Ina gumi na tsuguna. Ashe tartsatsin babban inji ya fi na ɗan jirgi ƙarfi, kowane ɗaya sau biyu ake ƙirga shi. Na warware wayar, na bar naɗi uku. Lamba ta sauko dubu uku da ɗari shida, ta zauna. Alhaji ya yi dariya, ya ce boko ta sha ƙasa, ya tafi nemo mai babur da zai ɗauki injin.

Baba ya juya yana wanke hannu da fetur, yana yi mini faɗa da ƙarfi, yadda ake magana a kan ƙarar inji. Na kashe injin. Rumfa ta yi tsit, shi kuwa bai rage murya ba, har maƙwabta na waiwayowa. Na rasa inda zan sa kaina don tausayi.

Da ya juyo, idonsa ya sauka a allon, ya ga sifili. Nan ya gane injin a kashe yake, bai ji ba. Ya goge hannunsa a tsumma. Can ya ce a hankali, "Gobe ka kafa mini shi a jikin bencin nan, inda zan riƙa gani. Kada ka faɗa wa innarka."